Tsiro a Kan Jinkar Baba

Tun ina yarinya ban taɓa tafiya da Baba a titi na ga ya dubi inda yake sa ƙafa ba. Kansa kullum a sama yake, yana kallon rufin ɗakunan mutane. Ya sha faɗawa kwata, ya sha yin karo da masu keke, sau ɗaya ma ya taka tiren wata mata mai sayar da tumatir, amma duk wannan bai sa ya sauke kai ba. Baibaya ce sana'arsa, wato rufa ɗaki da ciyawa, kuma da a nan ya tsaya da babu mai kuka da shi. To amma Baba bai yarda aikinsa ya ƙare a kan jinkar da ya yi da hannunsa ba. Duk wata jinka da ke garin gani yake a wuyansa take.

In ya hango kore a kan ɗakin wani, ko da ganye biyu ne, sai ya ja burki. Ya yi sallama, mai gida ya fito yana tsammanin baƙon arziki ne, sai Baba ya nuna sama da haɓa ya ce, "Malam, noma ka koma yi a sama? Gonar ƙasa ta yi maka kaɗan ne?" Daga nan sai karatu. Wannan tsiron daga cikin shucin yake, wato ciyawar rufin, wanda ya yi maka aikin bai kakkaɓe irin ciyawar ba kafin ya ɗora. Wancan kashin tsuntsu ne ya kawo shi, ɗan cediya ne, ka ba shi shekara biyu ka ga yadda zai tsaga maka bango. Wannan koren da ya kwanta kamar gansakuka kuwa inuwar bishiya ce ta yi yawa, jinkar ba ta shan rana. Ni kuma ina tsaye a gefe riƙe da kwandon cefane, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige. A unguwa Duba-Sama ake ce masa, har sunan ya bi ni makaranta.

A gida ma zancen gizo ba ya wuce ƙoƙi. Ana cin abinci zancen shuci, ana shan iska zancen shuci, ranar da aka haifi ɗana na fari ya zo barka ya ƙare da yi wa surukina bayanin dalilin da ya sa rumfarsa take tara gara. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni da ƙanena, kuma tun da wuri muka ƙware wajen gyaɗa kai muna cewa "haka ne, Baba" alhali kunnuwanmu suna wata unguwa. Ni na zama tela, shagona yana bakin layinmu. Ƙanena, wanda Baba yake kira Auta har yanzu da ya tara furfura a gemu, ya zama mai walda, kuma don Allah Ya nuna ikonSa, abin da ya fi yi shi ne ƙarafan da ake ɗora kwano a kai. Baba bai taɓa shiga garejinsa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ko a gaban wa zan faɗa, hannun mutumin nan ya iya aiki. Yakan yanko shuci bayan ruwa ya ɗauke, ya shanya shi har ya yi ja, ya kama dami-dami yana bugawa a jikin kututture sau uku don irin ya zube. Sannan ya yanta shi, ya jera ciyawar yana kitse ta da igiya har ta zama doguwar shimfiɗa da za a naɗe. In ya hau tsaikon, wato ƙwarangwal ɗin itacen da ke riƙe rufin, daga ƙasa yake farawa yana zagayawa, kowane layi ya rufe kan na ƙarƙashinsa, har ya kai ƙololuwa ya ɗaure. Ɗakin da Baba ya baibaye, ko rana ta kai ta gasa ƙwai, in ka shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Amma mutane sun gaji da tsoron gobara da sake rufi bayan 'yan shekaru. Ɗaya bayan ɗaya layinmu ya koma kwano, aikin Baba ya koma rumfunan shan iska da akurkin kaji, har aka wayi gari ɗakinsa ne kaɗai mai jinka daga farkon layi zuwa ƙarshensa.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu Auta ya gina ɗakuna na bulo a cikin gidan, ya ware wa Baba guda mai silin da fanka da taga biyu. Shekara uku ɗakin nan yana tsaye, ba abin da ke kwana a ciki sai buhunan siminti da tsohon injin walda. In na yi magana ya ce, "Uwata, ni ba gyaɗa ba ne da za a zuba ni a kasko." In Auta ya yi magana ko amsa ba ya samu.

Sai ido ya fara. Yanar ido ta rufe masa na hagu, na daman ma ya soma hazo. Baba ya haura saba'in, ya fara zuba shayi a gefen kofi, ran nan na same shi yana gaisawa da turken wutar lantarki yana tambayarsa iyali. A daidai wannan lokacin jinkarsa ta tsufa, ta kai a sake. Muka ce to ga dama ta samu, a ya da ciyawa a sa kwano, ko kuma ya koma ɗakin da aka yi dominsa. Rigimar da aka yi a gidan nan sati guda, maƙwabciyarmu tsohuwa, wadda ake ce wa Mai Kaji, sai da ta shigo rabo sau biyu. A zuwanta na biyu ne Baba ya miƙe tsaye ya yanke hukunci da bakinsa, ba wanda ya sa shi.

"Ki zama shaida," ya ce mata. "Zan baibaye ɗakina da hannuna. In damina ta zo ya yi yoyo, ko ɗigo ɗaya ne, su rushe shi in shiga kaskonsu. In bai yi ba, kada wanda ya ƙara ce mini uffan."

Auta ya yarda nan take, don ya tabbata mutumin da ba ya ganin kofi ba zai ga rami a rufi ba. Ni na yarda ne don na gaji.

Ya sa aka kawo masa shuci daga nesa, mota guda. Ya shanya, ya buga, ya yanta, duk da lalube. Kwana tara ya yi a sama, kwana tara na rufe shago ina riƙe da tsani, ga kayan mutane jibge ban ɗinka ba. In na ce, "Baba, a hankali," sai ya ce, "Ke riƙe tsani, ina hawa tun ba a san za a haife ki ba." Ranar da ya ɗaure ƙololuwa ya sauko, na yi hamdala na koma na buɗe shago.

Ruwan farko ya sauka, ko ɗigo. Na biyu, na uku, haka. Duk sanda aka ɗauke ruwa sai ya aika a kira ni daga shago, ya sa in durƙusa in shafa daɓen ɗakin kusurwa-kusurwa, yana tsaye a kaina yana cewa, "Faɗi gaskiya, Uwata, kada ki ji kunyata." In na ce a bushe yake, sai ya ce in maimaita da ƙarfi don Auta ya ji daga nasa ɗakin. Haushi kamar ya kashe ni, amma can ƙasan raina na ji daɗi, har na fara sabawa da cewa a ɗakin nan zai ƙare kwanansa kuma babu laifi.

A sati na uku ina zaune a kan keken ɗinki na ɗaga kai, sai na hango wani abu a gefen jinkar da ke kallon titi. Da farko na ɗauka hasken rana ne. Washegari ya zama kore sosai, tsiri-tsiri kamar gashin jariri. Kafin kwana goma abin ya zama gona. Ciyawa ta miƙe har tana kaɗawa in iska ta taso, ga wani tumatir da tsuntsu ya yi mana kyautarsa, ga ɗan cediya guda a kusa da ƙololuwa yana buɗe ganye kamar gidan ubansa. Akuyoyin Mai Kaji suka gano, suka riƙa hawa tarin bulo da ke jikin katanga suna miƙa wuya suna kuka. Abin da Baba ya shekara hamsin yana kunyata mutane a kansa, ga shi a kan nasa ɗakin, inda duk mai wucewa zai gani, shi kaɗai ne ba ya gani.

Jama'a kuwa ba su manta ba. Mutanen da ba su da abin yi a layinmu suka fara biyowa ta nan. Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo da Baba ya taɓa tsarewa a gaban surukansa saboda kabewa ta hau masa ɗaki, shekara ashirin ke nan. Mutumin nan benci ya ɗauko ya dasa a ƙarƙashin katangar da ke fuskantar gidanmu. Da Baba ya fito sai mai rediyon ya ɗaga murya.

"Duba-Sama, ina gajiya? Yaya damina?"

"Damina ta yi kyau, alhamdu lillahi."

"Ai mun gani! Bana kam har sama ta yi albarka. Allah Ya kai mu girbi."

Sai benci ya kwashe da dariya, Baba ya yi murmushi ya wuce yana laluben hanya da sanda. Na san wanda ya zuba wa mutane barkono shekara da shekaru ba zai hana a rama ba. Amma ramuwa a kan mutumin da bai san ana yi ba, wannan ya ci mini rai. Sau biyu ina ɓata wuyan riga saboda hankalina yana kan bencin nan.

Na yi tunanin in faɗa masa. Sai na tuna in ya ji, tsani zai jawo ya hau cikin damina da idon nan nasa, kuma kunyar ma kaɗai ta isa ta kwantar da shi. Na samu Auta a gareji na ce masa abin da za mu yi. Ranar Talata ce ranar Baba ta asibitin ido, matar Auta ce take raka shi, kuma layin wurin ba ya sakin mutum kafin azahar. Muna da safiya guda cif.

Aka yi sa'a, a ganinmu, an yi ruwa da asubar ranar. Auta ya ce hakan ya fi, saiwa ta fi saurin fita in wuri yana da danshi. Ni ma na san wannan, wa bai taɓa cire ciyawa a bayan gida ba? In ba ka tuge ta da saiwarta ba, jibi za ta dawo. Suna fita muka jingina tsani. Auta, wanda in ya zauna a bayan babur sai tayar ta yi ƙara, ya haye kan jinkar da rarrafe, ƙafarsa tana nutsewa a cikin jiƙaƙƙen shuci. Ni na tsaya a kan tsani ina tuge na ƙasa-ƙasa. Saiwoyin dogaye ne farare kamar zare, in ka ja sai su taho da ɗan guntun ciyawar rufin, mu kuwa mu shafa wurin da tafin hannu ya kwanta. Ɗan cediyar ya yi gardama, sai da Auta ya sa hannu biyu ya dage, ya fito da dunƙulen shuci kamar kan yaro. Ya tura abin da ya samu a ramin ya daddanna.

Mai Kaji ta leƙo ta kan katanga ta daɗe tana kallonmu.

"Ya san kuna wannan aikin?" ta tambaya.

"Gwaggo, don Allah ki rufa mana asiri," na ce.

"Ni ban ga komai ba. Ku dai miƙo wa akuyoyina, sun daɗe suna nema."

Kafin azahar jinka ta koma fes. Na share tsakar gida, na mai da tsani inda yake, na koma shago na zauna ina kallon mai rediyo ya fito da bencinsa, ya ɗaga kai, ya sake ɗagawa, ya ja tsaki ya koma ciki. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta. Baba ya dawo da maganin ɗigawa a aljihu, ya tsaya a tsakar gida jim kaɗan, ya shige ɗakinsa.

Ranar Alhamis da la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina gidan a lokacin, ina yanka yadi a ɗakin matar Auta. Cikin ƙarar kwano na fara jin wata ƙara daban daga wajen ɗakin Baba, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na yafa zane na tsallaka. Na same shi zaune a bakin gado, ya naɗe katifa ya tura gefe guda, ya jera kwanoni da bokiti da butar alwala a ƙasa. Wuri bakwai ruwa yake zuba, kuma ba ɗigo ba ne, na wajen ƙololuwa kamar an buɗe famfo. Duk inda ruwan yake sauka akwai abin tara a daidai wurin, da kunne ya gano su. Bai yi faɗa ba, bai ce a kira kowa ba. Da ya ji motsina cewa kawai ya yi, "Uwata, bokitin nan ya kusa cika."

Ina fita zubar da ruwan Auta ya tare ni a ƙarƙashin baranda.

"Yaya, ki yi shiru da bakinki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba abin da muke nema ke nan ba shekara uku? Ya koma ɗaki mai kyau, ba hawa sama, ba tsoron wuta. In kin faɗa masa me za ki gyara?"

Na san maganarsa ba ƙarya ba ce. Amma na kasa rufe bakina. Mutum ya yi kwana tara a sama da rabin ido, a bar shi yana zaton hannunsa ne ya gaza? Washegari da safe na haɗa shayi na kai masa. Ɗakin yana warin danshi, rana tana shigowa ta 'yan ramuka tana zana ɗigo-ɗigo a daɓe. Na zauna a kan tabarma na faɗa masa komai, da tsiron, da bencin mai rediyo, da Talata, da tsani. Ya bari har na kai aya yana kurɓar shayinsa.

"Na sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Tun Talatar. Ina shigowa gidan na ji warin jiƙaƙƙen shuci a ƙasa, abin da ya kamata ya kasance a sama. Da safe kuma tsuntsayen da suke bin tsiron ba su sauka ba."

"Tsiron fa? Shi ma ka san da shi?"

"Uwata, makanta aka ce ina yi ko kurumta? Mutum ya yi sati biyu yana yi mini addu'ar girbi, ki ce ban gane ba? Akuyoyi suna kuka a kaina dare da rana, kiran sallah suke yi?" Ya ajiye kofin. "Irin ciyawar da ya tsiro, laifina ne. Sau uku na buga shucin nan, abin da ya rage idona bai gani ba. Wannan na ɗauka. Amma tsiro ba yoyo ba ne. Jira nake ruwa ya ɗan tsagaita, a samu rana kwana uku jinka ta bushe ta iya ɗaukar mutum, in hau da lauje in bi su in yanke. Da hannu kuka tuge?"

"Da hannu."

"Bayan an yi ruwa?"

"Bayan an yi ruwa."

"Autan ne ya hau, da wannan jikin nasa?" Ya girgiza kai. "Saiwa in ta shiga jinka ta riga ta zama igiya. Kai ake yankewa, a bar ta a ciki ta bushe ta toshe ramin da ta haƙa. In ka ja ta, ka buɗe wa ruwa hanya tun daga sama har ƙasa. Ke da kike tela, in zare ya leƙo a jikin yadi fizge shi kike yi? Jiƙaƙƙiyar jinka kuma ko kyanwa ba a so ta taka. Sau nawa na faɗi wannan a kan tabarmar nan da kike zaune?"

Na lalubi kaina sama da ƙasa, wallahi ban tuna ko sau ɗaya ba. Na tabbata ya faɗa, wataƙila sau ɗari, ina can ina gyaɗa kai. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta juye ta zama haushi, don haka halina yake.

"To Baba, tun da ka sani, me ya hana ka buɗe baki ka ce mana ka sani? Ka bar mu muna ƙuna a banza!"

"Me ya hana ku tambaye ni? Ina cikin gidan."

Garin neman gira mun rasa ido, wannan ba sai an faɗa mini ba. Na haɗiye abin da ke bakina na ce to shi ke nan, sharaɗin nan ya warware, tun da mu muka ɓata. A gyara ɗaki ya ci gaba da zamansa, babu mai sake yi masa zancen kwano har abada.

"Me na ce a gaban Mai Kaji?" ya tambaya.

"Ka ce in ya yi yoyo."

"Na ce in ya yi yoyo ban da wanda 'ya'yana suka jawo?"

"Haba Baba! Ai kowa ya san abin da kake nufi."

"Abin da na faɗa shi na faɗa. Ga kwanoni nan ba su bushe ba."

Na fita na jawo Auta da hannu, na sa shi ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma don Allah ya bayar da zuciya ɗaya. Ya ce zai nemo shuci ko daga ina ne a toshe ramukan. Baba ya ce busasshen shuci a tsakiyar damina sai dai a mafarki, ɗanye kuwa in aka cusa ruɓewa zai yi ya ci na kusa da shi. Auta ya ce to a lulluɓa tamfol zuwa rani. Nan ne kaɗai Baba ya ɗaga murya.

"Leda? A kan jinkata? Mai rediyo yana raye?"

Na je na ɗauko Mai Kaji, ta zo tana ɗingishi ta ce ita shaida ta janye, ba ta ji komai ba ranar, kunnenta ma ciwo yake. Baba ya ce mata ta ji tsoron Allah da tsufanta. Kwana huɗu ina bin mutumin nan. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, har cewa na yi ba zan sake taka gidan ba, ya ce in gaida yara. Shekara uku ina roƙonsa ya bar ɗakin ya ƙi, yanzu ina roƙonsa ya zauna ya ƙi, ni dai ban san irin ƙashin da aka yi kan Baba da shi ba. A rana ta biyar da kansa ya aika aka kira kafintoci, ya sa aka kwashe buhunan siminti daga ɗakin bulo.

Ranar da suka zo na rufe shago. Baba ya sa aka ajiye masa kujera a ƙofar sabon ɗakin, ya zauna da sandarsa a tsakanin gwiwoyi yana sauraro. Suka yanke ɗaurin ƙololuwa, suka fara warware shimfiɗar shucin layi-layi suna jefowa ƙasa. Gefen titi, inda muka yi aikinmu, ya sauko baƙi yana ɗigar ruwa. Da suka zagaya bayan ɗakin, inda ƙafar Auta ba ta kai ba, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Kai, mai guduma, kada ka jefar da wannan. Miƙo mini naɗi ɗaya."

Aka kawo aka ɗora masa a cinya. Ya buɗa saman da ya yi duhu, ya cusa hannu ciki har wuyan hannu, ya ɗan jima.

"Uwata, kawo hannunki."

Ya kama yatsuna ya tura su inda nasa suke. A bushe yake ƙamas, da ɗan ɗumi, ja kamar ranar da aka ɗora shi, bayan duk ruwan da aka yi. Na kasa cire hannuna.

"Da ya kai damina shida," ya ce. Ya juya wajen kafintan. "Duk na bayan nan ku kai wa Mai Kaji, akurkinta yana zuba. Ku ce ta ɗora a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya lalubi bakin ƙofar sabon ɗakin da hannu har ya same shi. Ƙofar ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, Auta da kansa ya auna ta. Amma da zai shiga sai da ya sunkuyar da kai, yadda ya saba yi shekara arba'in a ƙofar wancan ɗakin.